Shugabancin zauren ɗalibai Musulmi da Kirista: yadda ake riƙe kujera ba tare da karkata ba

A kusan kowace jami'a ko kwalejin ilimi a Najeriya, ƙungiyoyin addini suna cikin waɗanda suka fi daɗewa, suka kuma fi tsari. An kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a Legas a 1954. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta samo asali a Gindiri a 1957, wata ƙungiyar ɗalibai Kirista mai suna NIFES ta biyo baya a 1968, 'yan Katolika kuma suna da tasu, wato NFCS. Kowacce tana da shugabanninta da asusunta da malaman da take jin maganarsu, kuma ba wanda yake sa ran Amir na MSSN ko shugaban FCS ya tsaya tsaka-tsaki a kan aƙida. Aikinsu ke nan su tsaya wa addininsu. Wahalar tana ɓullowa ne ranar da aka kafa zaure guda da zai haɗa waɗannan ɓangarori, ko an kira shi kwamitin zaman lafiya ko dandalin tattaunawa tsakanin addinai, aka kuma ce wani ɗalibi ya ja ragamarsa. Shi ma yana da addininsa, kowa ya san inda yake zuwa ranar Juma'a ko ranar Lahadi. To da me ɗaya ɓangaren zai amince masa?

Amsar da hukumomin makaranta suka fi saurin bayarwa ita ce a nemo ɗalibin da addini bai dame shi ba, wanda ba ya cikin kowace ƙungiya. Wannan dabarar ba ta ɗorewa. Irin wannan ɗalibi ba shi da nauyi a masallaci, ba shi da shi a coci. Ranar da hankula suka tashi, idan ya ce a dakata ba wanda zai waiwaye shi, domin jama'a suna sauraren wanda suka sani a sahu ne ko a wurin sujada. Wanda ake bukata shi ne mai riƙo da addininsa, wanda mutanensa suka yarda da shi, sannan a ɗaure shi da ƙa'idojin da za su hana shi karkata ko da zuciyarsa ta so. Rashin ɗaukar ɓangare a irin wannan zaure ba hali ba ne da ake fatan a tarar a jikin mutum. Tsari ne da ake rubutawa tun kafin a san wanda zai hau kujerar.

Kujera ɗaya ko biyu

Hanyoyi uku ne aka saba bi. Ta farko, shugaba ɗaya da mataimaki daga ɗaya addinin. Ta biyu, karɓa-karɓa: bana Musulmi, baɗi Kirista. Ta uku, shugabanni biyu masu iko daidai.

Ta farkon ita ce mafi rauni, domin a ƙungiyoyin ɗalibai mataimaki suna ne kawai, sai shugaba ba ya nan ake tunawa da shi. Karɓa-karɓa ta fi ta, amma tana da illar da ba a cika hangowa ba: kowane ɓangare yakan ɗauki shekararsa a matsayin lokacin cin gajiya, ɗayan kuma ya ja jiki ya jira tasa. Sai ka ga a shekarar Musulmi Kiristoci sun rage zuwa taro, a shekarar Kirista Musulmi sun yi haka. Zaure ya zama ƙungiyoyi biyu da ke aron suna ɗaya.

Shugabanni biyu ne ya fi dacewa, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar. Majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, wadda aka kafa a 1999, Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ne suke shugabantarta tare, wakilan ɓangarorin biyu kuma adadinsu ɗaya. Cibiyar sasanci ta Kaduna da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a 1995 ita ma a kan haka ta ginu. Mutanen nan biyu ba wanda ya sassauta addininsa a cikinsu, a baya ma sun jagoranci matasa a ɓangarorin da ke gaba da juna, kuma saboda haka ne maganarsu take shiga kunnen jama'arsu.

Sai dai faɗin "shugabanni biyu" kaɗai bai wadatar ba, dole a fayyace yadda za su yi aiki. Jagorantar zama a riƙa yin ta bi da bi, wannan zama na wane, na gaba na wane. Duk wasiƙar da za ta fita da sunan zauren ta ɗauki sa hannun su biyu, in babu ɗaya to ba ta fita ba. Sakatare da ma'aji kada su fito daga addini ɗaya, kuma a musanya muƙaman duk shekara. Iyayen ƙungiya, wato malaman da sashen kula da harkokin ɗalibai ke neman a gabatar kafin a yi rajista, su ma su zama biyu. Kwamitin zartarwa kada ya yi yawa: mutum 10 ko 12 sun isa, rabi da rabi.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne yadda ake yanke hukunci. Idan kwamiti mutum 12 ne, aka ce rinjaye kawai ake bi, to ɓangare ɗaya yana bukatar ya jawo mutum ɗaya ne daga ɗayan, ko ma ya jira ranar da biyu daga cikinsu ke da jarabawa, ya zartar da abin da yake so. Maganin wannan shi ne rinjaye biyu: ba a zartar da abu sai aƙalla 4 daga cikin Musulmi 6 sun amince, 4 daga cikin Kirista 6 su ma sun amince. Haka ma adadin da zama ke halatta da shi, a ƙirga shi ɓangare-ɓangare. Wannan yana jawo jinkiri, wani lokaci shiri mai kyau ya mutu saboda shi. Duk da haka shirin da ya mutu a kwamiti ya fi wanda aka yi shi rabin jama'a suna ganin an yi musu fin ƙarfi.

Akwai masu cewa rabi da rabi zalunci ne a makarantar da ɓangare ɗaya ya fi yawa nesa ba kusa ba, kamar yadda Musulmi suka fi yawa a Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Kiristoci kuma suka fi yawa a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Hujjar tana da ƙarfi idan majalisar ɗalibai ake magana, inda kowa ke da ƙuri'a ɗaya. Amma wannan zaure ba don ƙidayar kawuna aka kafa shi ba. An kafa shi ne don marasa yawa su samu wurin da za su yi magana ba tare da tsoro ba, masu yawa kuma su ji abin da ba za su ji a cikin junansu ba. Idan aka raba kujeru bisa yawa, an maido da abin da ke waje cikin ɗaki ke nan.

Wani tarko kuma shi ne ɗaukar kowane addini a matsayin dunƙulallen abu guda. A cikin Musulmi akwai 'yan Izala da 'yan ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya da 'yan Shi'a da waɗanda ba su jingina da kowa ba. A cikin Kirista akwai Katolika da Angilika da ECWA da COCIN da EYN da majami'un Fentikos, kuma saɓanin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne. Idan aka bar wa ƙungiya ɗaya ta cike dukkan kujerun ɓangarenta, za a samu daidaito tsakanin addinai biyu amma a rasa shi a cikin gida. A rubuta cewa ƙungiya ɗaya ba za ta riƙe fiye da rabin kujerun ɓangarenta ba. A kuma tabbatar akwai mata aƙalla biyu a kowane ɓangare, domin yawancin ƙorafe-ƙorafen ɗakunan kwana, na sutura da na hayaniyar ibada da asuba ko da dare, a wajensu ake fara jin su.

Ƙananan abubuwan da ake auna shugaba da su

Ɗalibai ba sa karanta kundin tsarin ƙungiya. Abin da suke gani shi ne ranar taro da wurin taro da wanda ya buɗe da addu'a, kuma da waɗannan suke yanke hukunci ko zauren nasu ne ko na wasu.

Lokaci: a cire Juma'a daga wajen ƙarfe 12 zuwa 3, a cire safiyar Lahadi. Idan akwai mabiya majami'ar da ke ibada ranar Asabar, a tambaye su. Taron yamma a tsara shi yadda ba zai ci Magariba ba, ko a sa hutun minti 15 a cikin jadawalin tun farko, ba sai an kira salla rabin zaure ya miƙe ana tsakiyar jawabin baƙo ba. Kada a shirya taron da ke da ciye-ciye da rana a watan Ramadan, kuma a tuna Kiristoci da yawa suna da nasu azumin na kwana 40 kafin Ista. Tun farkon zangon karatu shugabannin biyu su zauna da kalandar MSSN da ta ƙungiyoyin Kirista, su fitar da ranakun da ba kowa ke da hidima ba.

Wuri: ɗakin lacca ko zauren taro na makaranta, ba harabar masallaci ko ta coci ba. Ziyarar wuraren ibada abu ne mai kyau, amma shiri ne na daban, na wanda ya ga dama, kuma idan an je ɗaya a wannan wata to a sa ranar zuwa ɗayan kafin a tashi.

Addu'ar buɗe taro ita ce ta fi jawo ƙananan maganganu. Abin da aka saba shi ne Musulmi ya buɗe Kirista ya rufe, a zama na gaba a juya. Yana aiki idan an iyakance lokaci, minti ɗaya ko biyu, aka kuma gaya wa mai addu'ar cewa addu'a aka ce ba wa'azi ba. Wasu sun fi son kowa ya yi tasa a zuci na minti ɗaya. Taron ƙasa na 2014 a Abuja ya kauce wa gardamar ne ta hanyar ɗaukar baiti na biyu na taken ƙasa na lokacin a matsayin addu'a. Duk wadda aka zaɓa, abin da ba a yi shi ne haɗa addu'o'in biyu a gauraya su zama ɗaya, ko a nemi kowa ya amsa abin da bai yi imani da shi ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa mai karatu a makaranta shiga ibada ko bikin addinin da ba nasa ba, kuma zauren da aka kafa don girmama juna bai kamata ya zama shi ne mai taka wannan ba.

Abinci kuwa maganarsa gajeriya ce: a sayi nama inda kowa ya natsu da yankansa, ba giya, ba naman alade. Gaisuwa tsakanin maza da mata, shugaba ya faɗa tun farko cewa wanda bai miƙa hannu ba ba raini ya yi ba.

Baƙo mai jawabi da abin da ya faru a Kafanchan

A ranar 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ɗalibai Kirista sun shirya taron wa'azi suka gayyato wani mai wa'azi da ya bar Musulunci ya koma Kiristanci. A cikin jawabinsa ya jawo ayoyin Alƙur'ani ya fassara su ta hanyar da ɗalibai Musulmi suka ɗauka cin zarafi ne. Gardama ta zama faɗa, faɗa ya fita daga makaranta ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. An rasa rayuka, an ƙona wuraren ibada. Taron ba na haɗin gwiwa ba ne, na ɓangare ɗaya ne, amma daga gare shi ake ɗauko ƙa'idar da ta fi kowacce muhimmanci ga mai gayyatar baƙo: kowa ya yi bayanin addininsa, kada ya yi wa ɗan'uwansa bayanin nasa. Limami ya faɗi abin da Musulunci ya ce game da haƙƙin maƙwabci, fasto ya faɗi abin da Littafi Mai Tsarki ya ce. Ba wanda zai buɗe littafin wani don ya nuna kuskure a ciki.

Wannan ƙa'ida a rubuta ta a cikin takardar gayyata, baƙo ya amince kafin a buga sunansa a sanarwa. Kowane shugaba ya kawo sunan baƙon ɓangarensa mako biyu kafin taro, ɗayan kuma yana da damar ya ce a'a sau ɗaya ba tare da dogon bayani ba. Kafin a amince, a saurari wa'azozin mutumin da ke yawo a Facebook da YouTube, domin ɗalibai sun riga sun saurara. A daidaita matsayi: kada a kawo farfesa a gefe ɗaya a kawo ɗalibin aji biyu a ɗayan. Lokaci daidai, da agogo a gaban kowa. Tambayoyi a rubuce, shugabannin biyu su tace su tare.

Idan baƙo ya kauce, wa zai tsayar da shi? Shugaban da suke addini ɗaya. Wannan ita ce gaɓar da ake gane ko tsarin ya kafu. Idan malami ya fara gugar zana, shugaba Musulmi ne zai karɓi makirufo cikin ladabi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu dawo kan maudu'i." Idan fasto ne, shugaba Kirista ne zai yi. Da zarar na ɗaya ɓangaren ya yi wannan aikin, zauren zai ji kamar an hana nasu magana ne, ko da gaskiya ce a fili. Abin yana da nauyi ga ɗalibi ɗan shekara 22 ya katse malamin da yake girmamawa, shi ya sa ake gaya wa mai neman kujerar tun kafin zaɓe cewa wannan yana cikin aikin.

Muƙabala kuma, irin wadda ake zama don a ga wanda zai kayar da wani, tana da masoya sosai a tsakanin matasa, amma ba aikin wannan zaure ba ce. Haka da'awa da bishara. Kowane ɗalibi yana da 'yancin kiran wani zuwa addininsa, sashe na 38 ɗin nan ya ba shi, kuma ba a neman shugaba ya daina. Abin da ba zai yi ba shi ne ya yi amfani da taron zauren, ko rajistar sunaye da lambobin wayar mahalarta, don wannan kira.

Kuɗi da siyasa

Asusu ya zama na ƙungiya, ba na wani ɗalibi ba, kuma kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu daga ɓangarori biyu. Duk gudummawa a karanta ta a gaban kwamiti: wa ya bayar, nawa, da wane sharaɗi. Wadda ta zo da sharaɗin a gayyaci wane ko a raba littattafan wane, a mayar da ita. Idan masallacin makaranta ya ba da kujeru da lasifika, a nemi cocin ya ɗauki wani abu, ko da ruwan sha ne, don kada a wayi gari ɓangare ɗaya yana jin shi ne mai gida.

Zaɓen ƙungiyar ɗalibai shi ne lokacin da aka fi jarraba zauren, domin a makarantu da yawa ana raba takara ne bisa addini da yanki ko ba a faɗa ba. Zauren ba ya goyon bayan kowa. Shugaban da ke son takara ko son yi wa wani kamfe ya sauka tukuna.

Ranar da abu ya faru

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a yi a sa'ar farko ta rikici a rubuta shi a shafi ɗaya tun farkon shekara: lambar shugaban sashen harkokin ɗalibai, ta babban jami'in tsaron makaranta, ta limamin masallaci da ta limaman coci, da wurin da shugabannin biyu za su haɗu. Ba wanda zai fitar da sanarwa shi kaɗai, ko a shafinsa na kansa, kafin su gana. Sanarwar farko ta taƙaita a kan abin da aka tabbatar, da kiran kowa ya zauna inda yake, da sanar da cewa magana tana hannun hukuma. Kuma a gan su tare, a tsaye wuri ɗaya.

Yau yawancin fitina a waya take farawa. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022 ya biyo bayan saƙon murya ne a zauren WhatsApp na 'yan aji. Saboda haka zauren WhatsApp na ƙungiya ya samu masu kula biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, da doka a rubuce: ba a tura wa'azi, ba a tura bidiyon rikicin wani gari, ba a tura abin da ba a san tushensa ba. Idan magana ta fara zafi, kowane ɗaya daga cikin masu kulan yana da ikon rufe zauren nan take na awa 24, sai a yi bayani daga baya. Goge saƙo kuwa, mai kulan da ke addini ɗaya da wanda ya turo shi ne zai goge, ya kuma kira shi a waya.

A nan ne kuma tsaka-tsaki yake da iyaka, kuma wajibi ne shugaba ya san iyakar. Ba ya yanke hukunci a kan wane addini ne gaskiya, ba ya cewa wace fassara ce daidai. Amma idan ana barazana ga ran ɗalibi, ko an hana wasu wurin ibadar da makaranta ta ba su, ko wani ya zagi abin da wasu ke tsarkakewa da gangan, yin shiru goyon baya ne ga mai ƙarfi. Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan na Sakkwato, kuma hakan bai rage mata komai a Musuluncinta ba. Ma'aunin da shugaba zai riƙa gwada kansa da shi guda ne: da a ce ɓangarorin sun juya, nawa ne ya yi laifin ko nawa ne aka zalunta, shin kalmomin da zan faɗa za su canza? Idan za su canza, a sake rubuta sanarwar. Zargin ɓatanci musamman, ba zauren ne zai bincika ba, ba kuma taron ɗalibai ba. Aikin shugabanni shi ne a kai wanda ake zargi wurin da ransa zai tsira, a miƙa maganar ga hukuma, kowane shugaba kuma ya koma ya fuskanci mutanensa.

Wannan komawar ita ce mafi wuya. Shugaban da ya tsaya a kan ƙa'ida zai ji ana ce masa ya sayar da addininsa, kuma daga bakin abokansa zai ji. Abin da ke rage wannan shi ne kada ya yanke alaƙa da ƙungiyarsa ta asali: ya ci gaba da halartar karatu ko sujada, ya riƙa kai wa Amir ko shugaban ƙungiyarsu rahoton abin da zauren ke yi duk wata, ta yadda ba za su ji labari a bakin wasu ba. Amma kada ya haɗa kujeru biyu. Amir mai ci ko shugaban FCS mai ci ba zai shugabanci zauren ba, domin ranar da ƙungiyarsa ke cikin rigimar ba zai iya zama mai ƙara kuma mai sasanci ba. Tsohon ɗan kwamitinsu da ya sauka ya fi dacewa.

Wa'adi shekarar karatu ɗaya ne, kuma ɗalibai suna kammalawa su tafi, don haka abin da ba a rubuta ba yakan bi su. A zaɓi magada tun zango na biyu daga cikin 'yan aji biyu ko uku, su yi aƙalla wata biyu suna zama tare da masu barin gado. Takardun da za a miƙa su ne kundin ƙa'idoji, bayanan zama, lissafin kuɗi, sunayen baƙin da aka taɓa gayyata da yadda kowannensu ya kasance, da shafin nan na sa'ar farko, an sabunta lambobin wayar da ke cikinsa. A ajiye kwafi ɗaya a ofishin harkokin ɗalibai, ɗaya kuma a hannun kowane uban ƙungiya.